Sabon Huhu da Tsohuwar Ƙafa

Bahaushe ba ya gaggawar cewa majinyaci ya warke. Yana da matakala da yake bi. In zazzaɓi ya sauka, sai a ce ya samu sauƙi. In ya fara neman abinci da bakinsa, a ce ya soma murmurewa. In aka gan shi zaune a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, a ce ya miƙe. Sai ranar da ya koma kasuwa ko gona, ya ɗauki kayan da ya saba ɗauka, sannan a ce ya warware sarai. Asibiti kuwa bai san wannan matakala ba. Ranar da gwaji ya nuna ƙwayar cuta ta mutu, ranar ake rubuta wa mutum cewa ya warke, a sallame shi. Tsakanin wannan rubutu da komawa kasuwa akwai tafiya mai nisa, kuma a garin Tamale, kamar sauran garuruwanmu, mai ciwon huhu shi kaɗai ake bari ya yi ta. Ra'ayina shi ne wannan tafiya aikin asibiti ce, kuma tana cikin ayyukan da suka fi arha. Hujjar da zan kafa kuwa daga aiki mafi tsada a fannin huhu zan ɗauko ta, wato dashen huhu.

Ba a dashen huhu a Tamale. Dashen ƙoda ya iso yankinmu, an fara shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, a asibitin Korle Bu na Akra kuma a 2008, amma huhu sha'aninsa daban ne, kuma a nahiyar nan Afirka ta Kudu ce aka fi sani da shi. Wani likita mai suna James Hardy ne ya fara dasa wa ɗan Adam huhu a jihar Misisipi ta Amurka a 1963, majinyacin ya rasu bayan kwana 18. Aka yi shekara 20 ana gwadawa ana faɗuwa, har 1983, lokacin da Joel Cooper da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada suka dasa wa wani mutum huhu ɗaya, ya rayu fiye da shekara 6. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne samun magungunan da ke danne garkuwar jiki, don kada jiki ya yaƙi baƙon da aka shigo masa da shi. A yau ana yin wannan aiki dubbai a kowace shekara, galibi a Turai da Arewacin Amurka.

Da aikin ya kankama sai likitoci suka ci karo da wani abin mamaki. Ga mutum an cire masa huhun da ya lalace, an sa masa lafiyayye. In aka ce ya hura na'urar awon numfashi, adadin da ke fitowa bai yi nisa da na mai lafiya ba. Amma in aka ɗora shi a kan keken gwaji aka ce ya tuƙa iyakar ƙarfinsa, sai ya tsaya a wajen rabin abin da sa'ansa mai lafiya zai yi. In an tambaye shi me ya tsayar da shi, sau da yawa ba ya cewa numfashi, cewa yake ƙafafu ne suka gaza. Dalilin a fili yake. Mutumin ya yi shekaru yana zaune saboda haki, tsokar cinyarsa ta zube. Ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman bayan aiki, ta ƙara zubewa, domin tsoka tana narkewa cikin 'yan kwanaki in aka daina amfani da ita. Sannan magungunan da ke kare sabon huhun su kansu suna raunana tsoka, wasunsu kuma suna cinye ƙarfin ƙashi. An canza masa huhu, amma da tsohuwar ƙafarsa ya koma gida.

Saboda haka ne cibiyoyin dashe suka mai da motsa jiki wani ɓangare na jinya. Tun mutum yana jiran a samo masa huhu ake fara horar da shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan aiki kuma, da zarar ya farfaɗo ake zaunar da shi, a tsayar da shi, a sa shi ya taka, ga robobi rataye a ƙirjinsa. A garin Leuven na ƙasar Beljiyam an yi wani bincike da aka buga a 2012. Aka raba waɗanda aka yi wa dashe gida biyu, ɗaya aka ba su horon wata 3 a ƙarƙashin kulawa bayan sallama, ɗaya ba a ba su ba. Bayan shekara guda, waɗanda aka horar suna tafiyar kimanin minti 85 a yini, sauran kuwa minti 54. Tazarar rabin sa'a ce, kuma mai karatu zai iya raina ta. Amma rabin sa'a ita ce zuwa masallaci da dawowa, ita ce kai yaro makaranta, ita ce shiga kasuwa da kanka maimakon aike. Abin da masana ke kira ingancin rayuwa, in aka sauko da shi ƙasa, ba ya wuce irin waɗannan.

To, in wanda aka kashe wa dukiya mai ɗimbin yawa aka sa masa sabon huhu bai warware ba sai da aka horar da ƙafarsa, ina ga wanda ya koma gida da tsohon huhunsa mai tabo?

Irin wannan mutum ba sai an je Toronto neman sa ba. Yana Hausa Zango, yana Sabonjida, yana Lamashegu. Shi ne wanda ya yi tarin fuka, ya sha magani wata 6 cif, wata 2 na farko ƙwayoyi iri huɗu, sauran wata 4 iri biyu, aka auna kakinsa ba a ga komai ba, aka ce ya warke. Kuma gaskiya aka faɗa, ƙwayar cutar ta mutu, ba ya harbin kowa. Shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasar Gana, wanda aka kafa a 1994, yana ba da maganin kyauta, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Sai dai ƙwayar ba ta fita ba tare da ɓarna ba. Takan bar kogo a cikin huhu, takan bar tabo mai tauri da ke hana shi buɗewa, takan kuma lalata hanyoyin iska su saki, kaki ya riƙa taruwa a cikinsu. Nazarce-nazarce da dama sun nuna kusan rabin waɗanda suka gama magani suna fita da wani rauni a numfashinsu. An ƙiyasta cewa a 2020 akwai mutum miliyan 155 a raye a duniya waɗanda suka taɓa yin wannan cuta suka tsira. Duk da wannan yawa, sai a 2019 aka yi taron duniya na farko a kan halin da suke shiga bayan magani, a garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu. Wato likitocin duniya ma ba su daɗe da waiwayar su ba.

Kuma Tamale ba gari ne mai tausaya wa huhu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauko da ƙurar Sahara har ta rufe rana. Ana girki da itace da gawayi. Matan da ke sana'ar man kaɗanya suna yini a kan wuta, suna soya ƙwaya, suna dafa mai, hayaƙi yana shiga musu ido da ƙirji. A titi ga hayaƙin babura da kekuna masu ƙafa uku da ake kira yalo-yalo. Samari da yawa kuma suna tafiya haƙar zinariya, su dawo da ƙurar dutse a ƙirji, wadda ba ta fita. Mai tabon tarin fuka cikin wannan iska ake sallamar sa.

A nan dole in taɓa wata ɗabi'a tamu, wadda tushenta alheri ne. Mu mutane ne masu jinya. In mutum ya kwanta, 'yan uwa sukan kewaye shi, kuma kalmar da ya fi ji ita ce "sannu, kwanta ka huta". In ya tashi zai ɗebo ruwan alwala, sai ƙanensa ya karɓe butar: "Haba Yaya, zauna mana, ba ga ni ba?" In uwa ce ta ɗauki tsintsiya, 'yarta ta fizge: "Inna, so kike ciwon ya dawo?" A lokacin da cuta take kan ganiyarta wannan daidai ne. Amma bayan an gama magani, wannan tausayi yakan zama tarko. Ga yadda abin yake tafiya: mutum ya taka kaɗan ya ji haki, hakin ya tsorata shi, ya zauna. Zaman ya ƙara sakar masa tsoka. Tsoka mai rauni kuwa saurin gajiya take yi, ta tilasta wa ƙirji ya ƙara bugun numfashi a kan aikin da bai taka kara ya karya ba. Gobe in ya taka, hakin ya zo da wuri fiye da na jiya, ya ƙara tabbatar wa kansa da iyalinsa cewa motsi ne ke cutar da shi. Haka za a yi ta yi har mutumin da tabonsa bai kai ya hana shi sana'a ba ya zama ɗan zaman tabarma. Sai ka ji ana cewa ciwon ne ya cinye shi, alhali rabin abin zama ne ya yi shi.

Wannan da'ira ita ce horon ke karyawa, kuma ita ce dai masu dashe suka gano. Motsa jiki ba ya goge tabon huhu, kada a yaudari kowa. Abin da yake yi shi ne ya koya wa tsoka yin aiki da iskar da ta samu ba tare da almubazzaranci ba, ya kuma koya wa zuciya cewa haki ba mutuwa ba ne. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya taɓa jin numfashinsa ya sarƙe ya san irin firgicin, kuma ba ya fita da lallashin baki. Yana fita ne in mutum ya yi hakin a gaban ma'aikacin lafiya, ya tsaya, ya ga numfashin ya dawo, ya ci gaba da tafiya.

Kayan aikin fa? A nan ne abin ya fi ba ni takaici, don ba su da yawa. Gwajin da cibiyoyin dashe ke dogara da shi wajen auna ƙarfin majinyaci shi ne tafiyar minti 6: a auna mita 30 a baranda mai shimfiɗaɗɗen daɓe, mutum ya yi ta kai da komo, a ƙidaya nisan da ya ci. Agogo, da alli, da kujera, da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, wadda annobar korona ta sa kowa ya san ta. Horon kansa tafiya ce da ake ƙara wa tsawo mako-mako, da tashi da zama a kan benci, da hawa dakali da sauka, da ɗaga gorar ruwa don ƙarfafa dantse. Sai koyon numfashi: a shaƙa ta hanci, a fitar a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura koko mai zafi. Sai koyon yadda ake fitar da kaki ba tare da tarin da ke galabaitarwa ba. Ba hasashe nake yi ba. A asibitin Mulago na Kampala, a ƙasar Yuganda, an gwada irin wannan shiri a kan masu raunin huhu bayan tarin fuka, sau biyu a mako har mako 6, da kaya marasa tsada, aka buga sakamakon a 2017. Nisan tafiyarsu ya ƙaru, ciwon ƙirjin da wasunsu ke fama da shi ya ragu. Mutanen ba su da yawa, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni ba, don haka ba hujja ce yankakkiya ba. Amma ta isa ta nuna cewa abin yana yiwuwa a asibitin gwamnati a Afirka.

Wani zai ce: ma'aikatan nan ba su gama da masu cutar ba, ka zo kana ɗora musu waɗanda suka warke. Wannan magana tana da nauyi. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar Gana a 2013 ya nuna masu tarin fuka sun zarce ƙiyasin da ake yi nesa ba kusa ba, ma'ana akwai ɗimbin mutane da ke yawo da ita ba a gano su ba. Nemo su shi ne kan gaba, ban musa ba. Amma a duba abin da ke faruwa da wanda aka sallama ba tare da bayani ba. Bayan wata uku tari ya dawo masa saboda tabo, sai ya ɗauka cutar ce ta dawo, ko kuma maganin asibiti ne bai yi ba. Ya bi masu sayar da ƙwayoyi a tasha, ya bi masu jiƙe-jiƙe, ya sayar da akuya, ya sayar da keke. In ya koma asibiti, hoton ƙirjinsa yana nuna tabo, wani lokaci a sake ɗora shi a kan maganin da ba ya buƙata. Maƙwabcinsa kuma, wanda ke tari yana shawarar zuwa gwaji, yana kallon duk wannan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutumin da ya gama magani ya koma tuƙa kekensa zuwa kasuwar Aboabo ya fi kowace sanarwar rediyo jawo masu tari zuwa asibiti.

Batun ma'aikata kuma, ƙasar Gana tana da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Tsarin nan na CHPS, wanda ya samo asali daga gwajin da aka yi a Navrongo, nan arewa, a shekarun 1990, ya kai ma'aikatan jinya cikin unguwanni da ƙauyuka, suna zaune tare da jama'a suna bin gida-gida. Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974 a matsayin asibitin yanki, yana da ma'aikatan gashi da motsa gaɓoɓi, ga kuma Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992 tana yaye ma'aikatan lafiya a garin. Ba a buƙatar ƙwararre ya tsaya a kan kowane majinyaci. Ana buƙatar ya auna, ya tsara, ya koya wa na ƙasa da shi. Akwai ma wani abin lura a tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka kafa a 2003: dashen gaɓoɓi yana cikin abubuwan da ba ya biya, amma gashi da motsa gaɓoɓi yana cikin waɗanda yake biya. Rabin aikin da ba za mu iya ba an rufe ƙofarsa, rabin da za mu iya kuwa a buɗe take, mu ne ba mu tura masu ciwon ƙirji ta cikinta. A tunaninmu sashen gashi na mai shanyewar ɓarin jiki ne da wanda ya karye a babur. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a 2023 cewa farfaɗo da majinyata ya zama ɓangare na tsarin lafiyar kowace ƙasa. Ƙuduri dai takarda ne, amma yana ba mai neman kasafi abin nunawa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya tayar da mahaifinsa daga tabarma ya ce sai ya zagaye filin wasa na Aliu Mahama. Akwai waɗanda motsi zai cutar. Mai tofar da jini, ko mai jin ƙirjinsa yana matsewa, ko mai jiri, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, likita zai fara gani. Kogon da tarin fuka ya bari wani lokaci fumfuna takan yi gida a cikinsa, ta jawo zubar jini mai haɗari, wannan kuwa magani yake so, tafiya ba ta yi masa komai. Shi ya sa na ce aikin asibiti ne. A auna mutum tukuna, a san iyakarsa, sannan a matsa masa daidai gwargwado.

Sai abinci. Tarin fuka cuta ce mai ramarwa, kuma ba a gina tsoka da iska. Wanda ke cin tuwon zafi da miya tsinkakkiya sau ɗaya a yini, in ka sa shi atisaye ka ƙara masa wahala ne kawai. Abin da ake buƙata yana cikin garin: wake, gyaɗa, waken suya, ƙwan zabi, ƙosai a kan kokon safe. (Ɗalibin Hausa zai so ya san cewa abincin da Gana duka ke kira waakye sunansa daga "wake" ya fito, haka ma tuwon zafi da koko da ƙosai, duk da sunayensu na Hausa suka bazu har bakin teku.) Samuwarsu a kasuwa ba ita ce samuwarsu a tukunyar wanda ya yi wata shida ba ya sana'a ba. Nan ne 'yan uwan da ke karɓe buta za su fi amfani: su bar masa butar, su kawo masa waken.

Akwai kuma dalilin da ya sa na fi son a yi horon a rukuni. Mai tarin fuka yakan sha wariya. A ware masa kofi, a ware masa kwano da tabarma, kuma sau da yawa ba a mayar da shi cikin jama'a ko bayan ya gama magani, tunda har yanzu ana jin tarinsa. Mace takan fi shan wannan, wata ma aurenta ya girgiza. In mutum goma da suka sha irin wannan suka haɗu da sassafe a harabar cibiyar lafiya, ko mata a farfajiyar makarantar Islamiyya bayan an tashi, suka taka tare, suka yi haki tare, kowa ya ga ba shi kaɗai ba ne, unguwa ma ta ga ma'aikaciyar lafiya tana tsaye a tsakiyarsu ba ta rufe hanci ba. Limaman zango da sarakunansa, waɗanda ake jin maganarsu a kan rigakafi da tsaftar unguwa, za su iya faɗa wa jama'a abu ɗaya: wanda ya gama maganinsa aka tabbatar, tarinsa na tabo ne, ba ya harbi.

Inda za a fara ba shi da wuyar ganewa. Kowane mai tarin fuka yana da ranar ƙarshe, ranar da yake zuwa a rufe katinsa. A wannan rana, kafin a ce masa ya tafi, a fita da shi baranda, a riƙe agogo minti 6, a rubuta nisan da ya ci a bayan katin. A tambaye shi ko yana iya tsayuwar salla har a idar, ko yana iya ɗaukar bokitin ruwa daga famfo zuwa gida. Wanda ya yi kyau a sallame shi da bayanin abin da zai iya ji nan gaba. Wanda ya gaza a ba shi rana, sau biyu a mako. A damina da bazara a yi da sassafe kafin rana ta ɗaga, don zafin Maris a Tamale yakan kai digiri 40. In hunturu ya shigo kuwa a koma cikin ɗaki mai rufi, a yayyafa wa daɓen ruwa, a yi tashi da zama a kan benci har ƙurar ta lafa. Bayan mako 6 a sake fita barandar, a rubuta sabon adadi a ƙarƙashin na farko, a miƙa masa katin ya kai gida ya nuna wa ƙanen nan da ke karɓe masa buta.